Motar Baban Ladi da Farashinta Uku

Naira ce ta fara ci mini mutunci a wannan tafiya, tun kafin wani ɗan Adam ya samu dama. A bakin iyakar Seme na kwance ƙullin da na ɗauro a ƙugu tun daga Kaduna, na miƙa wa wani ɗan canji mai farin gemu da ke zaune ƙarƙashin laima. Ya danna 'yar na'urar lissafinsa, ya zaro 'yan takardun sefa waɗanda ko tafin hannuna ba su cika ba. Na tsaya ina jiran saura. Shi kuma ya ɗaga kai yana kallon wanda ke bayana.

Na ce, "Baba, ina sauran?"

Ya ce, "Sauran me, baiwar Allah? Iyakarsu ke nan."

Na gaya masa ni ba yarinya ba ce, shekarata ashirin ina sayar da abinci a Sabon Tasha, na san cuta in na gan ta. Ya ce in zaga layin gaba ɗaya, in na samu wanda ya ƙara mini ko sisi in dawo in zage shi. Na zaga. Na dawo ban zage shi ba. Da ya ga jikina ya yi sanyi sai ya matsa mini a bencinsa, ya ce sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, inda yuro ya taka nan take takawa, tamu kuwa kullum gangarowa take yi. Abin da ya ba ni yau, in na dawo bayan sati biyu ba lallai ya ba ni shi ba.

Ina zaune a bencin nan na tuna lissafin da Ayuba, wanda ya sayo mana mota, ya yi wa mijina a waya. Ashe tun daga canjin kuɗin ma ƙarya ya fara.

Sunana Rifkatu, amma a unguwa Maman Ladi ake ce mini. Mijina Bulus, Baban Ladi, ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa motar ma'aikata a wani kamfani a Kakuri. Da ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama, burinsa ɗaya ne: ya sayi mota mai kujera bakwai, ya riƙa ɗaukar fasinja daga Sabon Tasha zuwa Kafanchan, ya zama mai kansa ko sau ɗaya kafin ya mutu. Mun zaga wuraren sayar da motoci a hanyar Kachiya, duk inda muka tambaya kuɗin ya fi ƙarfinmu. Ana nan sai ga Ayuba, ɗan cocinmu, wanda ake kira Ayuba Kwatano saboda can yake harkar motoci. Ya nuna wa Baban Ladi hoton irin motar sak a wayarsa, da farashi rubuce a jikin gilashi. Ya juya kuɗin zuwa naira, suka fito kusan rabin na Kaduna. Ya ce dillalan Kaduna mugunta ce kawai ke cinsu. Ya ɗora kuɗin fito na kwastam a kai, duk da haka akwai rangwame.

Bayan sujada aka ba shi kuɗin, ƙarƙashin mangwaron bayan coci. Na ce a rubuta. Ayuba ya dafe ƙirji ya ce, "Haba Mama, tsakanin 'yan'uwa cikin Ubangiji har sai da takarda?" Baban Ladi ya harare ni. Suka riƙe hannun juna suka yi addu'a, wannan addu'ar ita ce rasit ɗinmu.

Mota ta zo, ruwan toka, da takardun kwastam cikin ambulan. Aka yi godiya a coci, Fasto ya ɗora mata hannu. Sati uku ta yi a hannunmu. Wata ranar Talata 'yan kwastam suka tsayar da shi a hanya, suka duba lambar jikin motar a na'urarsu, suka ce ko kwabo ba a biya mata ba, takardar ta bogi ce. Aka sauke fasinja a bakin titi da buhunansu. Baban Ladi ya dawo gida a bayan wata motar itace.

Rashin motar ban ce bai yi ciwo ba, amma abin da ya biyo baya shi ya fitar da ni daga ƙasar. Da muka kai ƙara gaban dattawan ikilisiya, Ayuba ya fashe da kuka. Ya ce ya roƙi Baba Bulus ya biya kuɗin fito, Baba ya ƙi, ya ce a bi da ita ta daji, takardar bogin ma shi bai san inda Baba ya samo ta ba. Mu ba mu da shaida ko ta layi ɗaya. A cocinmu, in dattawa suka yanke wa mutum horo, akan karanta sunansa gaban jama'a, ya tashi ya koma bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Aka karanta sunan mijina: fasa-ƙwauri, da yi wa ɗan'uwa ƙazafi. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana karanta nassi a sujadar Hausa, ya ɗauki Littafinsa ya taka har baya yara na kallo. Ranar na yi wa kaina alkawari sai na tayar da shi daga bencin nan, na zaunar da Ayuba a kai.

Abin da ya kawo ni Seme ke nan, da lambar jikin motar a rubuce a takardar da 'yan kwastam suka ba mu.

Ban ƙetare iyakar ba sai da aka sake cuta ta. Wani ƙato mai rataye da kati a wuya ya karɓi jakata, ya ce shi zai wuce da ni ba tare da layi ba, in kawo na hatimi. Na ba shi ɗaya daga cikin 'yan sefar nan. Ya ajiye mini jaka gindin wani shago ya ce yana zuwa. Har yau yana zuwa. Na bi layi kamar kowa, na wuce ba wanda ya ce in ba da komai.

Kwatano gari ne mai ɗanɗanon gishiri. Iska na manne wa mutum a jiki, ga warin kifi, ga 'yan acaɓa masu rawayar riga sun cika titi, su can zemijan suke ce musu. Ba na jin Faransanci ko na gaisuwa. Na tsayar da ɗaya na ce masa, "Hausa, Hausa," na nuna bakina. Ya gyaɗa kai, ya kai ni Zango, ya sauke ni gaban wata rumfar abinci da direbobi suka cika.

Na sayi tuwo na kai loma ɗaya, bakina da ba ya shiru ya ce, "Wannan miyar ko daddawa ba ta gani ba." Ashe mai rumfar na tsaye a kaina. Wata doguwar mace ce, Hajiya Rabi, asalinta Doso. Ta dube ni daga ɗankwali har silifa ta ce, "To 'yar Nijeriya, tunda kin fi mu iyawa, ga tukunya can." Na wanke hannu na shiga. Da direbobi suka ci miyar yamma suka fara tambayar wa ya yi, Hajiya ta ce in ajiye jakata a ɗakin 'ya'yanta. Ta ga gicciyen da ke wuyana. Ran Lahadi da kanta ta kira ɗan acaɓa ta ce ya kai ni cocin 'yan Nijeriya, ya jira ni. Na shiga, ƙafata ta ƙi kai ni gaba, na zauna a baya. Ana waƙa ina kuka, na kusa da ni suna tsammanin Ruhu ne ya sauko mini, alhali baƙin ciki ne.

Aikina ya zama haka: in yi miyar safe, in fita neman filin da aka sayar da motarmu, in dawo in yi ta yamma. Filayen motocin suna bakin babbar hanyar da ta nufi Seme, kowanne da shingensa da ƙofarsa, motoci jere har inda ido ya gaji. Da na shiga dillalai sai su yanyame ni, wannan ya ce Hajiya, wancan ya ce Madam, wani har da laima. Da sun ji ba saye na zo ba sai su watse su bar ni da rana. Wani ya karɓi kuɗin mai ya ce ya san filin, ya kai ni wurin da ake sayar da tayoyi. Tafin ƙafata ya tsage, rairayi ya shiga ciki. Duk yamma Baban Ladi zai kira ni, muryarsa ƙasa ƙasa, ya ce, "Rifkatu, ki dawo. Ki bar wa Allah." In ce masa Allah ne ya ba ni ƙafa. Da ya kashe wayar sai kewar gida ta taso mini, in tuna jikokina, in tuna hayaniyar 'yan keke a bakin kasuwa wadda da nake zagi.

Rana ta shida na ga Ayuba. Ina tsakanin wasu motoci biyu sai na ji dariyarsa. Yana sanye da farar shadda, ya yi ƙiba, ya sunkuya yana ɗaukar hoton farashi a gilashin wata mota. Ya kara waya a kunne ya ce, "Baba, na turo maka. Ka gani da idonka, rabin na Kaduna ne." Wani dattijon yake ja. Kusa da ƙafata akwai guntun ƙarfe da ake tokare taya da shi. Na ɗauka, gaskiya na ɗauka. Na ga inda zan sauke masa shi, daidai wurin da hularsa ta ƙare. Abin da ya riƙe hannuna ba tsoron Allah ba ne, kada in yi wa Allah ƙarya. Na tuna in na fasa masa kai a nan, shi zai koma Kaduna da bandeji ana yi masa sannu, mijina kuma yana bencin baya har abada. Na durƙusa bayan mota har ya wuce, ƙarfen na hannuna.

Rana ta tara na dace. A wani ɗan ofis na kwantena na samu akawun fili, Malam Nasiru, mutumin Jugu, yana jin Hausa ras. Ya ga yadda nake ɗingishi ya ba ni kujera da ruwan leda. Na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina: me ya sa mota take arha a nan, take tsada a wurinmu? Su waye ɓarayin?

Ya yi murmushi ya nuna mini wata mota ta taga. Ya ce, "Mama, duk motar da ke cikin shingen nan ba ta shiga ƙasar kowa ba tukuna. Baƙuwa ce, wucewa take. Abin da kika gani a gilashi kuɗin mota ne, da na jirgin da ya kawo ta, da ɗan abin da tasharmu ta karɓa. In ɗan garin nan ya saye ta don ya hau a nan, sai ya biya harajin ƙasarmu cikakke, farashi ya tashi. In Nijar za ta, a yi mata takardar wucewa, ta je can ta biya nasu. In ƙasarku za ta, naku ya fi nauyi. Mota ɗaya ce, farashinta uku, ya danganta da ƙofar da ta fita."

Na ce to me ya sa namu ya fi nauyi. Ya ce kowace gwamnati da abin da take nema. Tamu ta Nijeriya tana son kuɗin shiga, tana kuma son a riƙa haɗa motoci a gida, shi ya sa take tsawwala wa na waje. Kuma 'yan kwastam ɗinmu ba ruwansu da nawa ka saya. Suna da nasu ƙiyasin na darajar mota da dalar Amurka, su juya shi zuwa naira da canjin ranar, su cire kasonsu, sannan a ɗora wasu ƙananan haraji a kai. Ya ce, "Don haka in naira ta faɗi, mota takan tashi sau biyu a wurinku. Ta tashi wurin saye, ta sake tashi wurin fito." Ya ƙara da cewa a lokacin da aka sayi tamu ma, ƙasarmu ta hana shigo da mota ta iyakar tudu, sai ta tashar jiragen ruwa. Duk wanda ya ce zai biya mata fito ta hanyar Seme ya san babu tagar da zai miƙa kuɗin.

Akwai wani Alhaji mai sayar da motoci a hanyar Kachiya da na kira azzalumi a gaban yaransa, saboda farashin da ya gaya mana. Ashe mutumin gaskiyarsa ya faɗa, ya biya abin da ake biya. Kunya ta kama ni, na haɗa ta a cikin laifin Ayuba.

Malam Nasiru ya karɓi lambar ya shiga tona fayil. Ya daɗe, har na fara cire rai, sai ya zaro wani. Motarmu ce. Mai saye Ayuba, da sa hannunsa. Inda za ta, Nijar. Ya ce haka masu bin daji suke yi, su rubuta Nijar, in an yi arewa sai a karya kwana a faɗa Nijeriya. Na ce ya ba ni takardar. Ya ce, "Wannan ba zan iya ba, Mama, abincina ne. Amma ba wanda ya hana ki karatu." Ya ajiye fayil ɗin a buɗe ya fita alwala. A ƙasan shafin akwai sunan direban da ya fita da ita, Idi, da lambar lasisinsa.

A kan acaɓa ina komawa na gane takardar ma ba za ta ishe ni ba. Ayuba zai ce ai ya faɗa, Baba ne ya ce a bi daji. Abin da nake bukata shi ne wanda ya ji da kunnensa cewa mijina ya biya.

Da na ambaci sunan, Hajiya Rabi ta ajiye ludayi. Ta ce, "Idi Dogo? Ai a nan yake ci. Ya tafi da ayarin motoci, sai nan da sati biyu." Ta gargaɗe ni cewa direbobin daji ba sa magana, bakinsu shi ne jarinsu, in na tare shi da faɗa ko sunansa ba zai amsa ba. Sai ta ɗan yi tunani ta ce ta taɓa jin yana cewa a Kafanchan ya tashi, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne.

Sati biyun nan su suka fi kowanne tsawo. Sefata ta ƙare, da abin da Hajiya ke ba ni nake sayen kati. Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku, ita ta riƙa dafa mini ganye tana yi mini faɗa wai taurin kaina ya fi na jakin Doso. Ladi ta kira ta ce babanta ya daina fita ko ƙofar gida, sai ran Lahadi ya saka rigarsa ya je ya zauna a bencinsa, bai taɓa fashi ba. Wannan ya fi zazzaɓin ci mini rai.

Ranar da Idi ya dawo na zaga kasuwa har na samo yakuwa da gauta, na sa aka ɓarza mini masara, na yi fate irin na gida. Dogo ne baƙi, idanunsa jajur saboda hanya. Ya kai cokali ɗaya ya tsaya, ya dubi kwanon ya dubi Hajiya ya ce, "Wa ya yi wannan?" Ya ci kwano biyu. Ban ce masa komai ba sai hirar Kafanchan, tashar jirgi, da sanyin Kagoro. Washegari ma haka. A rana ta uku, bayan ya wanke hannu, na zauna gabansa na ba shi labarin tun daga gindin mangwaro har bencin baya. Ban roƙe shi ba, ban yi kuka ba.

Ya daɗe yana sakace haƙori. Sannan ya ce, "Mama, ni ɗan fasa-ƙwauri ne, ban ɓoye miki ba. Amma duk motar da na bi da ita daji, mai ita ya san daji ta biyo, ya san abin da ya saya. In an kama, ƙaddara ce, kowa ya sani. Wanda ya biya cikakke aka yi masa haka, wannan zalunci ne." Ya ce ya tuna dattijon, don da ya kai motar har ruwa ya kawo masa da hannunsa, ya yi masa addu'ar komawa lafiya.

Ya zaro wayarsa. Ya ce su direbobin daji ba sa goge saƙon murya na mai kaya, ko shekara nawa ya yi, domin in an kama su mai kaya yakan ce bai san su ba, saƙon ne shaidarsu cewa aiko su aka yi. Ya yi ta ja da yatsa har ya tsaya. Muryar Ayuba ta fito tsaf:

"Idi, ka bi ta inda ka saba. Ambulan ɗin da na ba ka, ka sa a aljihun gaban mota. Mai motar dattijo ne ɗan cocinmu, ya biya kuɗin fito cif, shi a saninsa ta ƙofa ta shigo. Kada ka kuskura ka yi masa zancen hanya. Ba ya bincike, ka ce masa Allah ya sa albarka kawai, shi ke nan."

Daga nan sai dariya, 'yar gajeriya. Ita ce har yau nake ji in na kwanta.

Na ce ya tura mini. Ya ce sunansa na ciki. Ni kuwa ba ni da abin da zan ba shi a madadin abincinsa. Hajiya daga bakin murhu ta ce, "Idi nawa ne a Kwatano?" Ya yi 'yar dariya, ya girgiza kai, ya ce in kawo lambata. Da zan tafi Hajiya ta cusa mini kuɗin mota a jaka da ƙullin gari, ta ce in na sake cewa miyarta ba daddawa sai ta biyo ni har Kaduna.

Ran Asabar da yamma na sauka a Sabon Tasha. Baban Ladi ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na kunna masa saƙon. Ya saurara har dariyar, ya sunkuyar da kai, ya ce gobe bayan sujada mu kai wa Baba Fasto a ofis, a yi abin cikin rufin asiri, yaron yana da mata da 'ya'ya. Na ce, "Baban Ladi, da aka karanta sunanka, a ofis aka karanta?"

A cocinmu akwai lokacin shaida, wanda ya dawo daga tafiya ko ya tashi daga ciwo yakan fito ya gode wa Ubangiji. Na sa zanen zumuntar mata, na fito. Ayuba na layi na biyu da matarsa, har da yi mini murmushi. Na karɓi makirfo na ce ina godiya ga Ubangiji da ya kai ni Kwatano ya dawo da ni lafiya, na kuma zo wa ikilisiya da tsaraba. Na kara wayar a bakin makirfo. Manyan lasifikan da ke bangon cocin Ayuba ne ya saya ya ba da kyauta bara, kuma ba su taɓa yin aiki mai kyau kamar na ranar ba. Kowace kalma ta fita har waje wurin masu sayar da gyaɗa. Da dariyar ta zo, wata tsohuwa a gaba ta ce, "Yesu." Na sake kunnawa daga farko. Wani dattijo ya taso zai karɓi makirfo, na juya masa baya har saƙon ya ƙare.

Ban ji tausayin kowa ba. Matar Ayuba ta rufe fuska da gyale ta fita, ban ji komai ba. Daɗi na ji, irin wanda ban ji ba tun ranar da na haifi Ladi.

Lahadin da ta biyo baya aka karanta sunan mijina aka dawo da shi, aka nemi gafararsa. Aka karanta na Ayuba, ya tashi ya taka har baya. Kafin ya zauna ya zo ya durƙusa gaban Baban Ladi yana kuka, ya ce kuɗin sun shiga wata harka sun nutse, ba shi da abin mayarwa yanzu. Mijina, mutumin kirki har ya yi yawa, ya kama shi ya tayar, ya ce ya yafe. Jama'a suka yi tafi. Baba Fasto ya juyo wurina ya ce, "Maman Ladi fa?" Na ce, "Baba, kada in yi ƙarya a gidan Allah. Ban yafe ba."

Baba Fasto ya biyo ni gida sau uku. A na ƙarshe ya tuna mini cewa wanda ke riƙe da ɗan'uwansa a zuci bai kamata ya miƙa hannu ga jibin Ubangiji ba. Na ce na sani, tun ina yarinya aka koya mini.

Motar ba ta dawo ba, ba kuma za ta dawo ba. Baban Ladi yana da shekara sittin da ɗaya, yanzu keke mai ƙafa uku na wani yake tuƙawa daga Sabon Tasha zuwa Kakuri, ya dawo da yamma bayansa ba ya miƙewa, ni ke gasa masa da ruwan zafi. Ran Lahadi ya hau gaba ya karanta nassi da muryarsa mai sanyi. Ni kuma na bar wurina a layin zumuntar mata, na koma benci na biyu daga ƙarshe, daidai gaban Ayuba, don duk sanda ya ɗaga kai ni zai fara gani. Wata na bakwai ke nan. Ranar jibi, mai zagawa da farantin gurasa yakan iso layinmu ya ɗan tsaya a kaina yana jira, daga can gaba kuma mijina yana kallona. Sai in karɓi farantin in miƙa wa na kusa da ni.